Ƙamshin da Ban Taɓa Ji Ba

Hancina ya karye ne a shekarar da kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone. Ɗan dako ne ni a lokacin. Muna jan abin da wuta ta rage daga shagon ogana, sai ƙofar ƙarfe ta ɓalle ta dawo mini a fuska. Na faɗi, na tashi, na toshe jinin da hulata, na ci gaba da ɗaukar kaya. Washegari aka kai ni wurin wani mai ɗori a unguwar Dutse Uku. Ya kama karan hancin ya matsa har na ga wuta-wuta, ya ce ya koma. Daga waje kam ya ɗan miƙe, amma ciki yana nan a karkace.

Tun daga ranar ƙofar hancina ta hagu ta toshe, ta dama kuma iska ba ta wucewa sai da ƙyar. Da baki nake numfashi. In na farka, maƙogwarona a bushe yake kamar na haɗiyi toka. Wari mai ƙarfi irin na fetur ina jin sa sama-sama, amma abu mai laushi ba ya isowa gare ni. Da na koma Titin Bauchi ina loda buhunan dankalin Turawa da kabeji a manyan motoci, wannan ya zame mini amfani. Duk buhun da ya ruɓe ni ake kira. Abokan aikina suna ce mini mai hancin gwamnati, wai yana nan a wurinsa amma ba ya aiki. Ban damu ba. Hanci ba ya ɗaukar buhu.

Bayan gobarar ne na yi aure. Matata 'yar wani tela ce, danginsu sun zo Jos tun zamanin haƙar kuza. Kakarta ta wajen uwa daga Borno take, ita ta koya mata haɗa turaren wuta da humra. Ba sayarwa take yi ba, na ɗakinta kawai take haɗawa. Za ta zauna a tsakar gida da ƙaramin turmi da kwalabe, ta daka wannan, ta soya wancan da sukari, ta jiƙa ta rufe ta ajiye. In ta yi wanki, sai ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kabbasa a kai, wato wannan kwandon da ake shimfiɗa tufafi a kansa hayaƙi ya ratsa su. Zani ɗaya bayan ɗaya, har rigunana na aiki.

Kowa ya san ƙamshin ɗakinta, ban da ni. A masallaci in na tsaya a sahu, na kusa da ni zai ce har yanzu angoncin bai ƙare ba ne. Mata in sun shigo gaisuwa ba sa son tashi.

Farkon aurenmu takan kawo kaskon kusa da ni ta tambaye ni yaya na ji. Nakan ce ya yi. Wata rana ta kawo, na ce ya yi, har ya fi na jiya. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Garwashi ne zalla a ciki, ba ta zuba komai ba. Daga nan ta daina tambayata, amma ba ta daina turara mini kaya ba. Na taɓa ce mata ta bar wahalar da kanta a kan rigar da za ta sha ƙasar dankali.

Ta ce, "Ba don hancinka nake yi ba, Malam. Don a san kana da mata ne."

Munsharina ya dame ta shekaru, ga ciwon kai da nake fama da shi duk lokacin sanyi. Ta matsa har muka je asibiti sau ɗaya. Likita ya haska fitila a ciki ya ce katangar da ta raba ƙofofin hanci biyu ce ta lanƙwashe, sai an yi tiyata an miƙe ta. Na ce na ji. Da muka fito na gaya mata gobara ba ta kashe ni ba, rikice-rikicen garin nan ba su kashe ni ba, har da ranar da na yi gudu da 'yarmu a wuya, don haka ba zan kai kaina in kwanta a gaban wuƙa a kan hanci ba. Ba ta sake tayar da maganar ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana. Mun aurar da ita, tana zaune a Dutse Uku da mijinta. Daminar da ta biyo baya uwarta ta kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Muka kai ta makwancinta ana yayyafi, na dawo gida na zauna a kan tabarma ina karɓar gaisuwa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Ba wani abu mai yawa ba ne: kwanuka, keken ɗinki, 'yan kunne, tufafi. Na ce a ba ni akwatin ƙarfen da zannuwanta na yau da kullum suke ciki, a lissafa shi a kasona. Waɗannan su ne na ƙarshe da ta wanke ta turara da hannunta kafin ta kwanta. Mata suka kalli juna. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, ba ta iya yin shiru ba.

"Namiji da zannuwa? Ɗaurawa za ka yi ka tafi lodin dankali?"

Aka yi dariya. Amma aka ba ni. Gaskiya ni kaina a ranar ban san abin da zan yi da su ba. Ban so dai in gan su a jikin wata.

'Yata ce ta sanar da ni abin da ke cikin akwatin. Ta zo mini da abinci wata ranar Juma'a, ta ce tana son ɗankwali ɗaya na uwarta. Na ce ta ɗauka. Tana ɗaga murfin sai ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da tafukanta. Na tsaya a kanta ban san abin da ya faru ba.

Ta ce, "Baba, Mama ce. Kamar yanzu ta fita daga ɗakin nan."

Ba ta ɗauki ɗankwalin ba. Ta mayar da murfin da sauri, ta ce in ana buɗewa ƙamshin zai gudu, amma in an bar shi a rufe zai daɗe. Da ta tafi na buɗe, na cusa fuskata cikin zannuwan na ja iska iya ƙarfina. Sanyin yadi kawai na ji a kumatuna. Na zauna da matar nan shekara ashirin da wani abu, kowa a unguwa ya san wani abu nata da ni ban sani ba, ga shi a gabana a cikin akwati, kuma kullum raguwa yake yi.

Na rufe shi, na naɗe shi da leda mai kauri, na ɗaure da igiya, na tura ƙarƙashin gado. A makon na koma asibiti.

Wani likita na tarar, matashi, yana ce mini Baba. Ya duba ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Ya tambayi abin da ya fi damuna, na ce numfashi da ciwon kai. Sai da na miƙe zan fita na tambaye shi ko bayan aikin mutum yana jin ƙamshi. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. In toshewar ce ta hana iska kaiwa sama, wasu yana dawo musu. In kuwa dukan ya taɓa jijiya, to sai haƙuri. Na ce a yi.

A gida na ce munshari ne da ciwon kai suka ishe ni. Yaya ta ce sai yanzu da babu wanda munsharin zai dama. 'Yata ta yi murna. Ban gaya wa ko ɗayansu maganar akwati ba. Ni ba mai magana ba ne, kuma ban san yadda namiji mai furfura zai buɗe baki ya ce zai kwanta a yanka shi don ya sansana zani ba.

Ranar aikin aka hana ni ci da sha. Aka ba ni wata riga mai buɗaɗɗen baya, wadda ta fi wuƙar ɓata mini rai. Aka tura ni a gado mai taya zuwa wani ɗaki mai sanyi, aka sa mini allura a bayan hannu, wata ma'aikaciya ta ce in yi bisimilla. Ban ƙarasa ba. Na farka hancina a cushe da auduga duka ɓangare biyu, an manna wani ƙyalle a ƙarƙashinsa yana tare jini, kaina kamar an ɗora mini buhu. 'Yata na zaune a gefe tana jiƙa mini leɓe da ruwa.

Likita ya zo ya ce sun yanke guringuntsin da ya lanƙwashe sun miƙe sauran, aiki ya yi kyau. Sannan ya jero dokoki. Kada in fyace hanci. In atishawa ta zo in buɗe baki. Ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, salla ma a zaune zan yi ta ba tare da kai goshi ƙasa ba. Ɗakin da zan kwana ya zama babu ƙura, babu hayaƙi, babu turare kowane iri, har sai ciki ya warke. 'Yata ta saurara da kyau. Da ya fita ta kira gwaggonta a waya ta maimaita mata duka, don makullin ɗakina yana hannun Yaya, ita za ta gyara kafin a sallame ni. Ina kwance ina jin su. Kaina bai kawo komai ba.

Cire audugar ya fi aikin zafi. Likita ya ja, na ji kamar daga ƙeyata ake zaro ta, hawaye suka zubo da kansu. Sai iska ta shiga ta hagu. Sanyinta ya haura har tsakiyar goshina, wurin da na manta akwai shi. Na ja na sake ja. Ƙamshi dai babu. Ya ce ciki a kumbure yake, in ba shi makonni, in riƙa wankewa da ruwan gishiri.

Da hantsi muka iso gida a keke mai ƙafa uku. Rana ta fito bayan ruwan safe. Ina shiga tsakar gida na ga igiyar shanya cike daga wannan bango zuwa wancan. Zannuwanta ne. Mai ganye-ganye da take ɗaurawa in za ta yi girki, shuɗin da take zuwa suna da shi, ɗankwalaye, mayafai, duka, suna ɗiga.

Yaya ta fito daga ɗakina tana dafe da ƙugu, hannayenta sun yi fari sun tattare saboda ruwa. Ta yi mini sannu, ta hau ba ni labari. Ta share ɗakin, ta wanke ƙasa, ta sauke labule. Da ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta kwance ledar, turaren da ya buge ta sai da ta yi atishawa. Ta ce a ranta wannan ai shi ne abin da likita ya hana, kuma a ƙarƙashin kan marar lafiya. Ban da haka ma, in ji ta, ba a barin kayan mamaci a ƙulle haka ba a wanke ba, nauyi ne a ɗaki. Ta jiƙa su suka kwana a ruwa, ta wanke, ƙamshin ya ƙi fita, ta sake wankewa. Akwatin ma ta goge cikinsa da toka da sabulu, ta shanya shi, ta sayo kafur ta zuba saboda kyankyaso.

"Bayana kamar zai tsinke," in ji ta. "Amma yanzu ko jariri aka kwantar a ɗakin nan ba abin da zai same shi."

Tsohuwa ce. Ita ta yi mini wanki ina yaro, ita ta yi mini wannan. Tana tsaye tana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri."

'Yata ta dube ni, ta dubi igiyar. Ta je ta kama gefen zani ɗaya ta kai hancinta, ta daɗe a haka, sannan ta sake shi. Da ta shigar da ni ɗaki ta gyara mini matashi, ta tsaya ba ta fita ba.

A hankali ta ce, "Baba, don shi ka yarda aka yi aikin?"

Na ce ta miƙo mini ruwa. Ta miƙo, tana kuka ba sauti. Ta ce ita ce ta kira gwaggo, ita ce ta ce babu turare. Na ce likita ne ya faɗa, ita ta isar, Yaya ta aikata, kowa ya yi daidai. Ta ce bari ta gaya wa gwaggon ko don ta sani. Na hana ta. Na ce in ta faɗa ban yafe ba.

Na yi makonni ina zaune. Ina shaƙa ruwan gishiri ina barin sa ya zubo, ina salla a kan kujera kamar tsohon da ya gama duniya. Na fara barci baki a rufe. Ciwon kai ya tafi. Har na fara fatan jijiyar ce ta mutu, don in ba ta dawo ba, to ban yi asarar komai ba.

Ta dawo. Wata safiya ina alwala a bakin rariya maƙwabta suka jefa albasa a mai, abin ya shigo mini har sai da na ajiye buta. Na zauna a wurin ina ja. Bayan albasa sai warin rariyar kanta, sai hayaƙin gawayi, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin. Yaya ta goge zannuwan ta ninke su tsaf. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ina kai kowanne hancina, har bakin ɗinki da ƙullin gefe inda take ɗaure canji. Sabulu da kafur. Yanzu na san ƙamshinsu sarai.

Da na koma aiki na gane dankali yana da ƙamshin ƙasar da aka tono shi, kuma abokan aikina suna warin zufa fiye da yadda na zata. Na gaya musu. Suka ce gwamnati ta fara aiki ke nan, kowa ya shiga uku. Buhun da ya ruɓe kuwa yanzu tare muke gudunsa.

Na fara tambayar mutane, a fakaice. Akwai maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan miya a bakin layi, sun shaƙu da matata sosai. Na tsaya sayen gishiri na tambaye ta ko tana tuna turaren. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Oga, matarka in ya wuce nan, ko ban ɗaga kai ba na san shi ne. Yana da sanyi, yana da nauyi. Ban san yadda zan faɗa ba."

Ta shiga ciki ta fito da wani ɗankwali da matata ta manta a shagon tun kafin ta kwanta, ta ce ta kasa mayarwa, ba ta kuma wanke ba. Na karɓa na kai hancina. Warin busasshen kifi da manja kawai yake yi, ya kwana cikinsu wata da watanni. Ta ga fuskata ta gane, muka yi dariya tare, ita tana share ido da gefen zani.

'Yata ba ta haƙura ba. Da likita ya ce an warke, ta je wajen masu kayan turare a gefen Terminus ta sayo abin da take tunawa: sandal, hawi, farce, miski, da wasu da ban riƙe sunansu ba. Matsalar ita ce uwarta ba ta taɓa awo ba. In an tambaye ta takan ce hannu ne ya sani. 'Yar ta daka, ta soya, ta jiƙa, ta bar shi ya kwana biyu, sannan ta kawo gidana ta hura garwashi a kaskon uwarta. Hayaƙin ya tashi. Abu ne mai daɗi, ban taɓa jin irinsa ba.

Ta ce, "Baba, shi ne?"

Na ce, "Ke za ki gaya mini."

Ta rufe ido ta shaƙa. Ta ce ya yi kusa. Ta sake shaƙa ta ce kamar akwai abin da babu. Muna haka Yaya ta yi sallama ta shigo da kwanon tuwo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hanci, ta tambaya wa ya haɗa wannan. 'Yata ta ce ita ce, na Mama take gwadawa.

Yaya ta ce, "Kin yi ƙoƙari, amma ba shi ba ne. Na uwarki ya fi wannan zama. Ranar da na wanke kayan nan, sai da ya kwana a hannuna. Ina cin tuwo ina jin sa."

Na kalli hannayenta. Ta ajiye kwanon, ta ce mu ci tun da zafi, ta zauna tana ba mu labarin ciwon gwiwarta.

Har yanzu 'yata tana gwadawa. Duk bayan wani lokaci takan zo da sabon haɗi a ƙaramar kwalba, ta ce wannan karon ta rage sandal, ko ta ƙara farce, ko wata tsohuwa 'yar Borno ta gaya mata wani abu. Mijinta ya fara yi mata tsiya wai gidansu ya zama shagon turare. Takan zuba a garwashi mu zauna mu biyu. Ita tana neman abin da ta sani, tana girgiza kai. Ni kowanne ta kawo daɗi yake mini, kuma kowanne zai iya zama shi.

A Titin Bauchi ma haka. Ina tsakiyar lodi mace za ta wuce da turare a mayafinta, sai in tsaya da buhu a kafaɗa har iska ta ɗauke shi. Direba ya yi ta danna ham yana cewa Baba lafiya. In ce lafiya lau, in kai buhun mota.